Auren gaske ko auren takarda? Tambayoyi da amsoshi ga mai son kai matarsa ko mijinta Kanada

Duk ɗan ƙasar Kanada, ko mai izinin zaman dindindin a can, idan ya kai shekara 18 kuma ya cika sauran sharuɗɗa, doka ta ba shi damar ɗaukar nauyin matarsa, mace kuma ta ɗauki nauyin mijinta, su zauna tare. Hukumar shige da fice ta ƙasar, IRCC, ita ce ke duba takardun. Tambayoyin nan na mutanenmu ne na Najeriya, Nijar da Gana, waɗanda aka ɗaura musu aure a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi da wakili da rabon goro. Fom-fom da kuɗaɗe suna canzawa, don haka ranar da za ku cike, ku shiga shafin IRCC ku sauke sabon jerin takardu. Tun Satumban 2022 ta intanet ake aika neman.

Muna da takardar aure. Me kuma ya rage mu tabbatar?

Takardar aure tana nuna an ɗaura. Ba ta nuna dalilin da ya sa aka ɗaura. Sashe na 4 na ƙa'idojin shige da fice na Kanada ya ce ba za a ɗauki mutum a matsayin miji ko mata ba idan an yi auren ne musamman don samun takardar zama, ko kuma idan auren ba na gaske ba ne. Ku lura da kalmar "ko". Kafin Satumban 2010 sai abubuwan biyu sun haɗu ake ƙin mutum. Tun daga lokacin, guda ɗaya ya isa.

Ma'anar wannan ita ce ma'auni biyu ake hawa. Na farko yana waiwayen ranar ɗaurin aure: mece ce babbar niyyar kowannenku a ranar? Na biyu yana duban yau: zaman aure kuke yi, ko suna kawai? Kuma nauyin kawo hujja a wuyanku yake. Jami'in ba ya bukatar ya kama ku da ƙarya kafin ya ƙi. Ya isa ya ce abin da kuka kawo bai gamsar da shi ba.

To me jami'in yake dubawa a zahiri?

Akwai wani hukunci na kwamitin ɗaukaka ƙara na shige da fice a 2005, a shari'ar Chavez, wanda har yau lauyoyi ke jingina da shi. Ya lissafa abubuwa kamar tsawon alaƙar, lokacin da kuka yi tare, yadda haɗuwa da baiko da biki suka gudana, abin da ya biyo bayan biki, yadda kuke magana da juna, ciyarwa, kula da 'ya'ya, sanin dangin juna da sanin rayuwar juna ta yau da kullum.

A taƙaice, jami'in yana so labarin ya zauna. Abin da miji ya rubuta ya dace da abin da mata ta faɗa, su biyun su dace da tambarin fasfo da rasit da hotuna, kuma dukkansu su yi kama da yadda ake aure a inda kuka fito. Wannan na ƙarshe mutane ke mantawa. Ba a auna auren Bahaushe da ma'aunin saurayi da budurwar Toronto. Amma jami'in bai taso a Zariya ko Maraɗi ba, kuma abin da ba ku bayyana masa ba, zai fassara shi da kansa.

An ɗaura aurenmu a Kano ina Kalgari, yayana ne ya karɓa mini. Akwai matsala?

Akwai, babba ma. A ganina wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a shafin nan, domin a nan mai auren gaskiya tsantsa yake faɗuwa tun kafin a kai ga duba hotunansa.

Tun Yunin 2015, Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura alhali ɗaya daga cikin ma'auratan, ko su biyun, ba su halarta da jikinsu ba. Ya shafi aure ta hannun wakili, ta waya, ta bidiyo, duk ɗaya ne. Sojojin Kanada da ke bakin aiki kaɗai aka togace. Ba ruwan dokar da cewa auren ya inganta a Musulunci, ko ya inganta a dokar Najeriya. Idan tambarin fasfonka ya nuna kana Kanada ranar da takardar aure ta ce an ɗaura, maganar ta ƙare a nan.

Wanda bai riga ya yi ba, shawarar a fili take: ka nemi hutu ka je. Kuɗin jirgi da yawa, amma bai kai asarar shekara biyu ba. Ka zauna a sahu, a ɗauki hoto kana wurin, ka sa hannu a takarda ranar. Kawunka ko yayanka na iya yin magana a madadinka kamar yadda aka saba, kai kuma kana zaune a gefensa ana ganinka.

Wanda ya riga ya yi, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Dokar Kanada tana da wani rukuni na mutum biyu da suka zauna gida ɗaya a matsayin ma'aurata wata 12 a jere. Idan kun cika wannan, ana iya nema ta nan. A wurin Allah da wurin dangi matarka ce ta sunna. Sunan da aka rubuta a fayil ne kawai ya bambanta. Wahalar ita ce mai izinin zaman dindindin dole ya kasance yana zaune a Kanada lokacin da yake ɗaukar nauyi, sai dai ɗan ƙasa, wanda zai iya nema daga waje idan ya nuna zai koma. Wasu kan ce a sake ɗaura auren kawai. Kada ku yi gaggawar wannan sai kun zauna da lauya, domin takardun aure biyu masu kwanan wata daban su ma tambaya suke jawowa.

Amma ai mu amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure. Tana cikin gida.

Haka ne, waliyyinta ke bayar da ita, kuma a mazhabar Malikiyya waliyyi rukuni ne na aure. Sai dai kalmomin dokar Kanada suna maganar halarta da jiki ne, kuma bai kamata ku bar wa jami'i ya yi hasashe ba. Idan a ƙofar gidansu aka ɗaura tana ciki, ku rubuta haka: gida kaza, maza a waje, mata a ciki, an nemi yardarta, ta sa hannu a takarda a ranar. Idan a masallacin Juma'a za a yi, a yi magana da liman tun da wuri ta zauna a sashen mata tare da wata gwaggonta ko yayarta. Tsofaffi za su ɗan yi gunaguni, su ce wannan kuma wane sabon salo ne. A yi musu bayani cikin ladabi. Gunagunin rana ɗaya ne.

Wani sharaɗi kuma da ba shi da makawa: wanda za a ɗauki nauyinsa dole ya kai shekara 18. A da 16 ne, an ɗaga shi a 2015.

Takardar da limamin unguwarmu ya ba mu ta wadatar?

IRCC tana neman shaidar cewa an yi wa auren rajista a hukumar gwamnati ta wurin da aka ɗaura shi. Saboda haka takardar masallaci ita kaɗai tana da rauni. Ku haɗa ta da ta hukuma. A Nijar, wannan ita ce takardar aure ta ofishin magajin gari, kuma wanda ya makara sai ya bi ta kotu. A Gana akwai tsohuwar dokar rajistar auren Musulmi da ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurawa, kuma da yawa ba sa yi. A arewacin Najeriya mutane kan bi ta kotun shari'a ko ƙaramar hukuma.

Hattara da wani abu guda a Najeriya. Akwai masu ba da shawarar a tafi rajistar aure ta tarayya, irin ta Ikoyi, wai ita Turawa suka fi yarda da ita. Auren da aka ɗaura ƙarƙashin dokar aure ta tarayya aure ne na mace ɗaya, kuma yana da nasa hukunce-hukuncen a kan rabuwa, yana iya taɓa gado ma. Wanda zai shiga, ya san abin da ya sa wa hannu.

Auren haɗi ne, iyaye suka yi. Kuma 'yar kawuna ce. Mu ɓoye?

Ko kusa. Kanada ba ta hana auren da iyaye suka haɗa ba muddin da yardar su biyun, kuma dokarta ba ta haramta aure tsakanin 'ya'yan wa da ƙani ba. Abin da ta haramta shi ne auren dole. Fom ɗin IMM 5532 zai tambaye ku yaushe kuka fara ganin juna ido da ido, ko wani ne ya haɗa ku, waɗanne bukukuwa aka yi, su wa suka san da auren. Ku amsa yadda abin ya faru.

Auren zumunci ma yana da nasa ƙarfin: dangi ɗaya ne, hotunan suna da na sallah tun kuna yara suna nan, kowa ya san kowa. Rauninsa shi ne jami'i na iya zargin an shirya shi ne don a fitar da ɗan uwa waje. Maganin wannan shi ne bayanin dalilin zaɓin. Wa ya fara kawo maganar? Me ya sa ita, ba wata ba? An ba ku lokaci kun fahimci juna? Wa ya je gaisuwar iyaye, yaushe aka sa rana, nawa ne sadaki, wa ya kai lefe? Labarin da aka ƙirƙira na "mun haɗu a Facebook muka kamu da son juna" yakan rushe a tambaya ta uku, musamman idan sunan kakanku ɗaya ne a fom ɗin dangi.

Waɗanne takardu ake nema, kuma nawa?

Jerin takardun ma'aurata, IMM 5533, yana da tambayoyi huɗu: kuna zaune tare yanzu? Kuna da ɗa ko 'ya tare? Wannan ne auren fari ga kowannenku? Auren ya kai shekara biyu? Wanda ya amsa "e" ga duka huɗun, an sauƙaƙa masa ƙarin hujjoji. Mafi yawan masu karanta wannan ba za su cika huɗun ba, tunda ɗaya yana can ɗaya yana nan.

Idan ba ku tare, ana son shaidar cewa kuna magana da juna, shafi 10 iyaka, da shaidar ziyarar mai ɗaukar nauyi: tikitin jirgi, katin shiga jirgi, shafukan fasfo masu tambarin shiga da fita. Idan bai taɓa zuwa ba tun bayan biki, sai ya rubuta dalili. Hotuna kuma kada su wuce 20, kowanne da ɗan bayanin su waye, a ina, yaushe. Sannan ƙarin shaidu irin su aiken kuɗi, sunan mata a inshorar wurin aikin miji, wasiƙun dangi da abokai, ko shaidar kun taɓa zama gida ɗaya.

Hoto 20 ba yawa, don haka kada a ƙarar da su duka a kan dina. Ɗaya na sa rana, biyu na ɗaurin aure da ango a ciki, na kamu ko walima, na kai amarya, sauran kuma a bar wa rayuwar bayan biki: gaisuwar surukai, sallah a gidan Hajiya, rakiya filin jirgi, ziyara ta biyu bayan shekara. Hotunan da aka ɗauka rana ɗaya da kaya kala biyar a situdiyo ba sa nuna komai sai gwanintar mai hoto.

Hirarmu duk da Hausa ce, yawanci ma saƙon murya ne.

Duk takardar da ba Turanci ko Faransanci ba sai an fassara ta, kuma ba a yarda kai ko ɗan uwanka ku yi fassarar ba. Ana son ƙwararren mai fassara, idan kuma ba mai lasisi ba ne sai ya haɗa da takardar rantsuwa. Wannan ya haɗa da takardar aure da aka rubuta da Larabci ko ajami.

Kada wannan ya sa ku koma yin hira da Turanci wata biyu kafin aika takardu. Ana ganewa. Ku zaɓo shafuka daga watanni daban-daban, a bar kwanan wata da lamba a fili. Saƙon murya ba ya bugawa a takarda, amma jerin kiran WhatsApp yana bugawa, kuma yana magana da kansa: tsakanin Toronto da Kano akwai tazarar awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, to kira kullum da ƙarfe goma sha ɗaya na dare agogon Najeriya, daidai tashinsa daga aiki, hujja ce mai kyau. Kuma hirar da ake cewa gas ya ƙare, Mama ba ta ji daɗi ba, mai gida ya ƙara kuɗin haya, ta fi shafi goma na kalaman soyayya kama da aure.

Mu ba ma rungumar juna a hoto, ba mu da asusun banki ɗaya. Ba za a ce auren bogi ba ne?

Ba a neman ku yi abin da ba ɗabi'arku ba. Ku rubuta gajeriyar wasiƙa, shafi ɗaya ko biyu, ku bayyana kunya: cewa a wurinmu miji da mata ba sa taɓa juna gaban manya, cewa amarya takan rufe fuska ranar kai ta, cewa mace da yawa ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce Maigida ko Baban wane. Idan a wayarta an ajiye lambarsa da wani laƙabi, a faɗa, don kada jami'i ya ga hira da wani "Abban Ummi" ya rasa ko waye.

Batun kuɗi kuwa, dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma asusun haɗin gwiwa ba al'adarmu ba ce. Amma ciyarwa wajibi ce, ita kuma tana barin sawu idan an so. Matsalar ita ce yawancinmu ta hannu muke aike: a ba wani aboki dala a can, ɗan uwansa ya tura naira a nan. Kuɗi sun isa, amma ba sunanka ba sunanta. Daga yau ka riƙa turawa ta hanyar da ke ba da rasit, kai tsaye zuwa asusun da ke ɗauke da sunanta, ko da kaɗan ne, a kai a kai.

Ina da mata biyu. Zan iya kai amaryar, uwargida ta zauna da yara a gida?

A'a. Ƙa'idar ta ce idan a ranar ɗaurin aure ɗayanku yana da wani auren a kansa, ba a lissafa wannan sabon auren. Auren fari kaɗai Kanada ke iya gani. Auren mace fiye da ɗaya kuma laifi ne a sashe na 293 na kundin manyan laifukan ƙasar. Yardar uwargida ba ta canza komai, zamanta a Najeriya ma haka.

Hanyar da hukumar ta sani ita ce mutum ya rabu da sauran matan bisa doka, sannan ya sake ɗaura aure da wadda zai kai. Na faɗi wannan ne don a san dokar. Sakin uwar 'ya'ya saboda biza magana ce da mutum zai yi da kansa da Ubangijinsa. Sakin takarda kuma, wanda ake yi da suna kawai alhali zama na nan, yana da nasa tarkon: sashe na 4.1 na ƙa'idojin shige da fice ya tanadi hukunci ga wanda ya raba aure don neman takarda sannan ya dawo ya maida shi. Wanda ya saki matarsa, ya auri 'yar Kanada, ya samu zama, ya sake ta, ya dawo zai ɗauki ta farko, wannan sashen shi yake jira.

Na taɓa aure, na yi saki. Takardar da na rubuta da hannuna ta isa?

Ba ta isa ba. A kai ta kotun da ke da hurumi a samo takardar rabuwa mai hatimi, kuma kwanan watan ya riga na sabon aure. Wanda yake zaune a Kanada ya furta saki a can, ko ya aika ta waya, kada ya ɗauka ya gama; a Kanada kotu ce kaɗai ke raba aure. Idan rabuwar farko ba ta inganta a idonsu ba, aure na biyu ya zama na mai mata biyu, an koma tambayar da ta gabata. Wadda mijinta ya rasu kuma ta haɗa da takardar shaidar rasuwa.

Lokacin da na samu zaman dindindin ban ambaci ina da mata ba. Yanzu fa?

Wannan ciwo ne mai wuyar magani. Sashe na 117(9)(d) na ƙa'idojin shige da fice ya ce iyalin da ba ka bayyana ba, ba a kuma duba su ba lokacin da kake neman naka zaman, ba za ka iya ɗaukar nauyinsu daga baya ba. Ya shafi har wanda ya yi aure bayan an ba shi biza amma kafin ya sauka Kanada, bai sanar ba. Tun 2019 an yi wani sassauci na wucin gadi ga wasu rukunai, galibi 'yan gudun hijira da waɗanda su ma iyali ne suka kawo su. Kada ka gyara kwanan watan aure don ka kauce. Ka nemi lauya kafin ka aika komai, domin naka zaman ma yana iya shiga haɗari.

Ta girme ni da shekara goma sha biyar, kuma Baturiya ce.

Ba laifi ba ne, amma ku sa ran tambayoyi. Abubuwan da kan ɗaga gira sanannu ne: tazarar shekaru mai yawa, aure kwana kaɗan bayan haɗuwar farko, biki ba dangi ko ɗaya, rashin harshe guda da kuke fahimtar juna da shi, aure jim kaɗan bayan an ƙi ba mutum mafaka ko bizarsa ta ƙare, da tarihin neman biza sau da yawa ana ƙi. Ba ɗayansu da ke kashe nema shi kaɗai. Ku tari kowanne da bayani tun a wasiƙarku. Idan Hajiyarka ba ta san da auren ba, jami'in da ya san yadda muke ɗaukar iyaye zai tambayi dalili, kuma yana da gaskiya.

Mun haihu. Ba shi ke nan ba?

Haihuwa hujja ce mai nauyi. Kotun Tarayya ta Kanada, a shari'ar Gill ta 2010, ta ce dole a ba ta babban muhimmanci idan ba a shakkar uban. Amma ba ta gyara auren da aka ɗaura ango ba ya nan, ba ta gyara matsalar mata biyu. Idan takardar haihuwa ta yi rauni, ana iya neman gwajin ƙwayar halitta, wato DNA. In an haihu bayan kun aika takardu, ku sanar da IRCC nan da nan.

Za a kira mu ganawa? Me ake tambaya?

Ba kowa ake kira ba. Idan an kira, akwai abin da jami'in yake son ya warware. Ana iya tambayar ku daban-daban a gwada amsoshin. Wane aiki mijinki yake yi, ƙarfe nawa yake fita? Da wa yake zaune, nawa ne hayarsa? Sunan ƙannensa? Me ya kawo miki zuwansa na ƙarshe, kwana nawa ya yi, a ina kuka sauka? Me ya raba shi da matarsa ta farko?

Yar'uwa, ranar nan a ajiye kunya a gida. Idan an ce ki faɗi cikakken sunan mijinki, ki faɗa. Idan Turancinki bai nuna ba, ki bi abin da wasiƙar gayyata ta ce game da tafinta, kada ki amsa tambayar da ba ki gane ba. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Da yawa daga cikinmu ba mu damu da ranar haihuwa ba, wasu ma 1 ga Janairu aka rubuta musu a fasfo. Faɗin haka ya fi cankar wata rana. Kai kuma maigida, laifinka ne idan matarka ba ta san a wane kamfani kake aiki ba. Ɗabi'ar nan ta ɓoye wa iyali albashi da wahalar da ake sha a waje tana da tsada a ɗakin ganawa. Ku zauna ku karanta abin da kuka rubuta a fom tare, don tunawa. Haddar amsoshi kuwa ana jin ta a murya.

An ƙi mu. Sai me?

Wani lokaci kafin a ƙi, akan aiko wasiƙa a faɗi abin da ake shakka, a ba ku kwanaki ku amsa. Kada a yi wasa da wa'adin nan.

Idan ta hanyar masu nema daga waje kuka bi, mai ɗaukar nauyi yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin ɗaukaka ƙara na shige da fice, inda ake sauraron maganar sabuwa, a karɓi sababbin hujjoji, mata ko miji ya ba da shaida daga nesa. Idan ta hanyar masu nema daga cikin Kanada ce, wadda ke ba da damar izinin aiki ana jira, babu wannan ƙarar. Sai dai Kotun Tarayya, cikin kwana 15, ita kuma tana duba ko jami'in ya yi hukunci bisa hankali da ƙa'ida ne kawai. Wannan bambanci ya kamata a auna shi tun kafin a zaɓi hanya. Ku kuma nemi bayanan da jami'in ya rubuta a fayil ɗinku. A nan ainihin dalilin yake, wasiƙar ƙi takan zo a dunƙule.

Wani ejan ya ce zai haɗa mana komai, har da hotuna da wasiƙu.

Ku guje shi. Wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗi ya wakilce ku shi ne lauyan Kanada, ko notare, wato mai tsara takardun doka da tabbatar da su, na lardin Kebek, ko mai ba da shawara da ke da rajista a hukumarsu ta CICC, kuma ana iya duba sunansa a shafinta. Wakili na gaske yana sa sunansa a fom IMM 5476. Wanda ya ce "kada ku ambace ni", ya san abin da yake yi.

Duk abin da aka aika da sunanku, ku ne da alhakinsa, ko ba ku karanta ba. Bayanin ƙarya, ko ɓoye abin da ya shafi hukunci, yana jawo haramcin shekara biyar. Wanda ya riga ya samu zama ana iya ƙwace shi a mayar da shi gida. Idan aka kai ga tuhuma, dokar ta tanadi tara har dala 100,000 ta Kanada ko ɗaurin da ya kai shekara biyar. Abin takaici shi ne masu auren gaske su ma suna faɗawa, don kawai an ce musu takarda ɗaya ta jabu za ta "ƙara ƙarfi".

Idan ta iso, zama ya ƙi daɗi, za a mayar da ita?

A'a. Tsakanin 2012 da 2017 akwai sharaɗin sai an zauna tare shekara biyu, amma an soke shi. Mutuwar auren gaske ba ta ƙwace izinin zama. Mai ɗaukar nauyi kuwa ya sa hannu a alkawarin shekara uku daga ranar da ta samu zaman dindindin, kuma saki ba ya warware shi: idan ta karɓi tallafin gwamnati a cikin shekarun nan, shi zai biya. Ita ma ba za ta iya ɗaukar nauyin wani sabon miji ba sai bayan shekara biyar.

Mace ko namijin da ake duka ko ake wa barazanar "zan sa a kore ki" su sani cewa mai ɗaukar nauyi ba shi da ikon korar kowa bayan an ba da zaman dindindin. Wadda kuma takardunta ba su fito ba tukuna, tana cikin Kanada, tun 2019 akwai izinin zama na wucin gadi da aka ware wa waɗanda ake cin zarafinsu a gida, ba a biyan kuɗin na farko, kuma ba a sharɗanta mata sai ta ba da shaida a kan mijin ba.